Ƙarin Waya A Zuciyar Auta

Tana can saman tsani, labule a kafaɗa, ƙugiyoyi a baki, abin ya buga mata.

Dum...

Bugu ɗaya, kamar wani ya banki ƙofa daga cikin ƙirjinta.

"Ya Allah, ba a gidan nan ba... don Allah ba yau ba."

Ina, zuciyar ta riga ta kwasa a guje. Irin gudun da keken ɗinkinta ke yi in ta danne shi har ƙasa. Jijiyar wuyanta ta hau zillo, kunnuwanta suka toshe, falon ya fara yin duhu ta gefe-gefe.

Kuma falon wa? Falon Hajiya. Hajiyar Injiniya, saurayin nan nata mai haɗa wayar wuta a gidaje, wanda har manya sun fara shiga maganarsu. Ai kowa ya san ba labule ne ya dami Hajiya ba, teloli sun cika gari. So take ta ƙare wa telar da ta ɗauke mata hankalin ɗa kallo, ta ga zamanta, ta ga tashinta.

Auta ta lallaɓo ta sauko. Tun tana 'yar makaranta take fama da abin nan, kuma ita da kanta ta gano dabararsa: ruwan ƙanƙara. In ta tsoma fuska ciki ta riƙe numfashi, sai zuciyar ta yi turus ta koma daidai. A shagonsu har ɗan baho gare ta a bayan firji. To nan fa?

Ta bi bango ta faɗa kicin. Ba kowa. Ga wata ƙatuwar kula a ƙasa, ta ɗaga murfin, ruwa ne fal, ƙanƙara na yawo a kai. Ba ta nemi kwano ba, idonta ma ba ya gani. Ta durƙusa ta cusa fuskarta ciki.

Sanyin ya ratsa ta har haƙori.

Ta riƙe... ta riƙe...

Turus. Sai dum... dum... dum, a hankali, kamar ba a yi komai ba.

Ta ɗago tana hamdala, ruwa na bin haɓarta.

"Hajiya zo ki gani. Zo ki gani da idonki, kar a ce ni na faɗa."

'Yar Kemis ce tsaye a bakin ƙofa, 'yar ƙanwar Hajiya da ta tashi a gidan, tana sayar da magani a kemis ɗin bakin titi. Ita kam tun tana goge majina da hannun riga take cewa Yaya Injiniya mijinta ne.

Hajiya ta iso. Ta dubi kular, ta dubi Auta a durƙushe.

"Me kike yi a ruwan shanmu?"

"Hajiya ciwo ne... zuciyata ce take..."

"Ciwo." Hajiya ta jinjina kai. "Na haifa, na aurar, na ga jikoki, ban taɓa jin ciwon da maganinsa wanke fuska a ruwan da surukai za su sha ba."

"Har bakinta na motsi fa Hajiya, wani abu take tofawa," in ji 'Yar Kemis.

"Wallahi hamdala nake..."

"Tattara ƙugiyoyinki." Hajiya ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. "Ke kuma zubar da ruwan nan a kwata, kular ma a fitar min da ita. Ashe shi ya sa yaro ba ya ji ba ya gani."

*

Washegari Injiniya ya same ta a shago, ta kifa kai a kan keke, idanu sun yi luhu-luhu.

"Autata..."

"Asiri na yi maka, ba ka ji ba? Matsa kar ya ƙara kama ka."

"Ai ya gama kamawa, ba sauran wuri." Ya jawo kujera ya zauna. Da ya ga ba ta yi dariya ba sai ya gyara murya. "Me ya sa ba ki taɓa gaya min ba?"

"In ce maka me? Duk asibitin da Umma ta kai ni, kafin mu isa ya lafa. Su gwada, su ce lafiyata lau. Wani ya ce tunani ne ya yi min yawa. Wata nas ma ce min ta yi in yi aure zai wuce."

"To ai ga shi muna ƙoƙari."

"Injiniya ba wasa nake ba."

"Na sani, tawan. Sa mayafinki. Akwai likitan da aikinsa kenan, bugun zuciya kaɗai."

Likitan nan dai, in gaya muku, shi ne mutum na farko da ya bar Auta ta kai ƙarshen maganarta. Da ta zo kan ruwan ƙanƙara, tana sunkuyar da kai don kunya, sai ya ajiye biro.

"Wa ya koya miki?"

"Ba kowa."

"Mu ma muna sa marasa lafiya su yi haka. Kin ga, ita zuciya da wuta take aiki, akwai hanyar da wutar ke bi ta sa ta bugawa. Wasu ana haihuwarsu da ƙarin hanya, 'yar siririya. Ran da wutar ta kauce ta faɗa can, sai ta yi ta zagaye a wuri ɗaya, zuciya na bin ta a guje."

"Ƙarin waya kenan," Injiniya ya ce, har yana miƙewa zaune. "Irin matsalar da in mai gida ya kira ka, kana zuwa sai ta ɗauke, kana fita ta dawo."

"Ita fa. Shi ya sa gwaji ba ya nuna komai in tana zaune lafiya."

"Sai a yanka ƙirjin?" Auta ta tambaya, murya can ƙasa.

"Ba yanka. Ta jijiyar jini ta saman cinya za mu zura wasu siraran wayoyi, su bi har cikin zuciya. Mu tsokani ciwon da gangan ya tashi. In ya tashi sai mu bi sawunsa mu ga inda hanyar take, mu ɗan ƙona wurin, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Shi kenan ta mutu."

"Ku tashe shi... da gangan?"

"Dole. Abin da ban gani ba ba zan ƙona ba."

Ya rubuta mata ƙwayoyin da za su riƙe ta kafin layi ya zo kanta. Ya kuma ja kunnenta, in an sa ranar aiki, za ta daina sha 'yan kwanaki kafin nan, don in maganin na jikinta ciwon ba zai yarda ya fito ba.

Injiniya ya koma gida da ɗokinsa, ya zaunar da Hajiya ya zayyana mata komai, har da dalilin daina maganin. 'Yar Kemis na gefe tana yankan farce, kamar ba ta ji.

Hajiya ta gama saurara ta ce, "To na ji. In likitan ya shiga ya gani da idonsa, na yarda ciwo ne, ni da kaina zan ba ta haƙuri. In bai ga komai ba fa?"

"Zai gani."

"In bai gani ba, ka bar min maganar yarinyar nan har abada. Ka yarda?"

Shi da yake ganin an gama, ko tunani bai yi ba. "Na yarda, Hajiya."

Ita kuwa Auta, a nasu gidan, rabin zancen ta gaya wa Ummanta. Ta san halin Umma. Tun rasuwar Baba, ko tari Auta ta yi sai Umma ta kwana tana taɓa mata goshi. Kalmar ƙonawa kaɗai sai da ta sa ta zawo. A ce mata kuma za a tashi ciwon da gangan? Ai sai ta kulle ƙofa ta haɗiye mukullin.

Don haka da rana ta matso, cewa kawai ta yi, "Umma likita ya ce in ajiye maganin."

"A ajiye? Ana shirin shiga zuciyar mutum a ce ya ajiye maganin zuciya?"

"Haka dai ya ce."

Umma ta bar zancen a nan. Sai ma wani lallaɓa Auta da ta shiga yi. Kullum da safe ga shayi mai kauri ta haɗo mata da kanta, madara har da ƙari, sukari kamar za a yi alawa.

"Umma ya yi zaƙi da yawa."

"Shanye, ƙarfi za ki samu."

*

Ɗakin aikin sanyi kamar cikin firji. Gado ɗan siriri, ga wani ƙaton inji a sama mai kama da baka, ga talabijin jere suna ta zane-zane. Ma'aikatan duk sun sa wasu riguna masu nauyi, suna tafiya kamar masu goyo. Wata nas mai ƙiba, kowa na ce mata Sista, ta manna mata abubuwa masu sanyi a baya da ƙirji, ta lulluɓe ta ruf, ta bar ɗan wuri kaɗan a saman cinya.

"Kar ki ji kunya ƙanwata, ni ce a nan. Su allo suke kallo, ba ke ba."

Allurar kashe zafi ce kawai ta yi mata zafi. Sauran sai dai ta ji ana turawa. Ta saci kallon talabijin ɗin, ga wayoyin can baƙi-baƙi suna rawa a cikin ƙirjinta.

"Za mu fara tsokanarsa," in ji Likita.

Tik tik tik tik... zuciyar ta yi sauri, suna sakinta ta koma.

Suka sake. Ta koma.

Suka sa mata wani ruwa a hannu, jikinta ya ɗan yi rawa. Suka sake. Ta koma, lafiya lau, kamar zuciyar jariri mai barci.

Abin nan da ya kunyata ta a aji, ya kunyata ta a motar haya, ya kunyata ta gaban Hajiya, yau da ake roƙonsa ya fito, ya yi lamo.

"Kin tabbata kin daina maganin?"

"Wallahi na daina, Likita."

"Ko ƙwaya ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ya daɗe yana gwadawa, har bayanta ya ƙage. Can ta ji ya sauke numfashi.

"A cire wayoyin."

"Likita don Allah ka ƙara... don Allah ka ƙona ko ina ne..."

"Ba zan ƙona miki lafiyayyen wuri ba. Kusa da hanyar gaskiya muke, in na taɓa ta kin shiga wani ciwon da ya fi wannan. Ki yi haƙuri."

Hawaye suka gangara mata cikin kunne. Ba ta da hannun sharewa, Sista ce ta share mata.

Da aka turo ta waje, Hajiya na zaune a benci da jakarta a cinya, 'Yar Kemis a gefenta. Likita ya yi bayani, ya ce wani lokaci haka na faruwa, rashin samunsa yau ba ya nufin babu shi. Amma Hajiya kalma ɗaya ta ɗauka.

"Ba ku ga komai ba dai."

"Yau ba mu gani ba."

"Madalla. Allah ya ƙara lafiya." Ta miƙe ta dubi ɗanta. "Ina mota."

Injiniya ya shigo ɗakin da aka kwantar da Auta, ya tsaya daga ƙafar gado. Bai jawo kujera ba.

"Sannu."

"Yawwa."

Ya yi ta juya mukullin mota a hannu.

"Auta... ni da ke ne a nan. Ba zan gaya wa kowa ba. Ranar nan a kicin..."

Ta zuba masa ido.

"Ƙarasa mana."

"Ni ban ce kin yi wani abu ba. Kawai dai... ki gaya min gaskiya."

Wallahi da allurar nan ta cinya da wannan magana, allurar wasa ce.

"Hajiya na jiran ka a mota," ta ce, ta juya fuska bango.

*

Kwana da kwanaki Auta ba ta leƙa shago ba. Wayarta a kashe. Cinyarta ta yi shuɗi ta koma ɗorawa, ita dai tana kwance tana kallon silin.

Abin da ya fi cin ta ma ba Injiniya ba ne. Ita kanta ta fara shakkar kanta.

Ran nan da hantsi Umma ta shigo da tsintsiya, ta same ta zaune ta dafe ƙirji.

"Ya tashi ne?"

"Umma... anya ba ni ce ke ƙirƙirarsa ba? An shiga har ciki fa an duba. Ko dai kaina ne ba daidai ba?"

"Kul, kar in ƙara ji." Umma ta yar da tsintsiyar ta zauna ta jawo ta jikinta. "Ke ba godiya za ki yi ba? An shiga zuciyarki an fito, ciwo bai tashi ba, ba a ƙona miki komai ba. Ni na san abin da na yi. Da na biye wa likitan nan da yanzu wani zancen ake."

Auta ta ɗago a hankali.

"Me kika yi, Umma?"

Umma har da ɗan murmushinta na wadda ta yi dabara. "Maganinki mana. Kullum sai na daka ƙwaya na zuba miki a shayi. Har safiyar da za mu tafi, da kika ce an hana ki cin komai, ba na ba ki ruwa kin kurɓa a hanya ba? Yana ciki."

"Umma..."

"Da na je kemis sayen na ciwon ƙafata, na yi wa yarinyar nan 'yar gidan su Injiniya ƙorafi. Yarinyar kirki, ta ce Umma wa ke yanke maganin zuciya lokaci ɗaya? Ki ci gaba da ba ta a ɓoye, shi zai tsare ta a kan gadon aiki. Ga shi kuwa ya tsare ki."

Auta ta buɗe baki. Sai dariya, sai kuka, duka a haɗe.

"Ke lafiya?"

"Umma so ake ya tashi. Aikin kenan. Sai ya tashi za su ga inda yake su kashe shi. Shi ya sa aka ce in daina."

Murmushin Umma ya bushe a fuskarta.

"Ba ki gaya min ba."

"Na san ba za ki bari ba."

"Ni ma na san in na gaya miki ba za ki sha ba..."

Suka zauna suna kallon juna, uwa da 'ya, kowa ta ɓoye wa 'yar uwarta abu don so, ga inda ya kai su.

Umma ta miƙe. Ta ɗauko mayafi, ta ɗauko kwalin maganin da ɗan turmin da take dakawa.

"Ina za ki?"

"Inda na ɓata zan je in gyara."

"Umma kar ki roƙe su. Don Allah kar ki roƙar min kowa."

"Ba roƙo zan yi ba. Faɗa musu zan yi, su yi yadda suka ga dama da shi."

Yadda aka yi a gidan, daga bakin Umma Auta ta ji. Ta ce a tsakiyar falo ta dire turmin, ta faɗi komai, Injiniya na nan, 'Yar Kemis na nan. 'Yar Kemis ta ce ita taimako ta yi, ina ta san ana so ciwo ya tashi? Sai Injiniya ya juyo ya dube ta.

"A gabanki na yi wa Hajiya bayani. Kina yankan farce. Har kika tambaye ni sunan maganin."

Umma ta ce daga nan Hajiya ta tashi ta shige ɗaki.

Da yamma Injiniya ya zo ƙofar gida. Auta ta ce a ce masa tana barci. Ya dawo washegari, ta ce a ce masa ba ta tashi ba.

Likita kaɗai ta kira.

"Na yi zargin haka," ya ce. "Zuciyar ta yi min sanyi da yawa ranar. Za ki iya sake hawa gadon nan?"

"Zan iya. Amma wannan karon ba don kowa ba, Likita. Na gaji da tsoron hawa tsani."

Kwanakin da ta yi ba magani, wallahi ba su yi daɗi ba. Da kanta take haɗa shayinta, Umma na zaune a gefe ta harɗe hannuwa kamar mai laifi a gaban alƙali. Abin ya buga mata a banɗaki, ya buga mata tana sallah. Umma na kuka tana kallon kwalin magani, Auta na girgiza mata kai.

*

Ɗakin nan dai, sanyin nan dai, Sista ce dai.

"Ƙanwata kin dawo? Yau dai ki ce masa ya daina jin kunyar baƙi."

Wayoyi suka shiga. Likita ya ce za su fara.

Tik tik tik...

Dum.

Ya kwasa.

Gadon kansa kamar yana rawa. Wuyanta na zillo, numfashinta na yankewa, wani inji ya hau ƙara. Duk rayuwarta in abin nan ya zo addu'a take ya tafi. Yau kuwa cewa take a ranta, tsaya, tsaya su gan ka da kyau.

"Ga shi nan," Likita ya ce, muryarsa har da fara'a. "Kowa ya duba allo. Ga hanyar can ta gefen hagu. Sannu, kin sha fama. Shekara nawa kina ɗauke da wannan?"

An gani. Wani ya gani da idonsa.

"Yanzu kar ki motsa, kar ki ja dogon numfashi. Za ki ji ɗumi."

Ɗumin ya taso daga tsakiyar ƙirji, ya zama zafi, ya bi kafaɗarta har muƙamuƙi. Ta damƙe hannun Sista.

Ana cikin gudun... sai ɗif.

Dum... dum... dum.

Suka jira. Suka tsokane shi, shiru. Suka sa ruwan nan na hannu, suka sake tsokana ta kowace hanya, shiru.

"Hanyar ta mutu," in ji Likita. "A mafi yawan mutane ba ta dawowa. Kaɗan ne take yi wa gardama, in ta yi mu sake."

A ɗakin hutu Sista ta danne mata saman cinya da ƙarfi har jinin ya tsaya, ta manne wurin.

"Flat za ki kwanta, a rigingine, ƙafar nan a miƙe sai na ce. Kika lanƙwasa ta jini ya ɓalle, ni da ke ne."

Umma ta fita kiran 'yan uwa. Ƙofa ta buɗe, Auta ta ɗauka ita ce ta dawo.

Injiniya ne. Ya rame, gemu ya yi buzu-buzu, rigar aikinsa ce ma a jikinsa.

"An ce min kina barci," ya ce. "Kullum."

"Yanzun ma barcin nake."

"To yi abinki, ni zan yi magana. An ce ba halin ki tashi, yau dai ba inda za ki."

Ta rufe ido. Ya durƙusa a gefen gadon, ba ta gan shi ba amma ta ji gwiwarsa ta bugi ƙarfe.

"Likita ya ce an gani."

"Shi ya sa ka zo?"

"Tun kafin a shiga da ke nake waje. Tambayi Umma. Na ce ko an gani ko ba a gani ba, yau sai na faɗa miki na yi kuskure."

"Ka tambaye ni gaskiya, Injiniya. Ina kwance da rami a cinya, ka tambaye ni gaskiya."

"Na tambaya. Ba ni da abin kare kaina."

"Hajiya ba ta san ni ba, ban riƙe ta ba. Kai fa?"

Ta buɗe ido, ashe kuka yake, ƙaton mutum, yana goge hanci da bayan hannu.

"Likita ya ce wani lokaci yana dawowa," ta ce. "In ya dawo, inji bai nuna ba fa?"

"Kika ce min ya dawo, ya dawo. Ko duk injinan duniya sun ce ƙarya ne."

"Baki ne."

"Baki ne, tawan. Sai kin ba ni shekarun da zan nuna miki."

Tana shirin ba shi amsa tari ya sarƙe ta, ƙafar ta zabura za ta lanƙwashe. Sai ji ta yi an danne mata gwiwa da hannu mai ƙarfi, mai zobba.

"An ce kar ki motsa ta."

Hajiya.

Ba wanda ya ji shigowarta. Ta ajiye jaka a ƙasa, ta jawo kujera da ƙafa ta zauna, hannunta na kan gwiwar bai ɗaga ba. Ba ta kalli Auta a ido ba, zanin gadon take ta gyarawa da ɗaya hannun.

"Na ce in an gani zan ba da haƙuri da bakina. To ki yi haƙuri." Ta ƙara gyara zanin. "Waccan ta kemis kuma na mayar wa uwarta ita. Ni na raine ta, ban san na raini wadda za ta yi wasa da ran mutum ba."

"Ba komai Hajiya..."

"Da komai. Yi shiru, magana ma motsi ce."

Ta juya kan ɗanta, yana nan durƙushe.

"Kai kuma miye haka? Ƙato da kai a ɗakin mata, yarinya ko mayafi babu. Tashi ka fita. In an ɗaura ka zo ka yi ta durƙuson, ba mai hana ka."

Ya ɗago da sauri. "Hajiya... in an ɗaura?"

"Kurma na haifa? Sai dai in ita ta ce ba ta yi, kuma ba zan ga laifinta ba."

Duk suka zuba wa Auta ido.

Ta bar shi a durƙushe, ta bar shi sosai, sai da ta ga zufa ta karyo masa. Sannan ta ja zanin gado ta rufe fuskarta.

"Ka ji abin da Hajiya ta ce. Fita."

Ya fita da baya, yana dariya yana share ido, har ya yi karo da Umma a bakin ƙofa.

An ɗaura, 'yan uwa, an ɗaura kafin shekara ta juyo. Amma ni in aka ce in faɗi ranar da auren nan ya ƙullu, wannan yinin zan faɗa. Umma a kujerar dama, Hajiya a ta hagu, ba mai yi wa wata magana don kunya. Sista ta leƙo ta ce an kusa, Hajiya za ta iya sakin ƙafar ta huta.

"Bar ni," Hajiya ta ce. "Na riƙe."